Ku Tambaya Mu Amsa: Tafiya kallon giwaye a dawa

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake saduwa. Tun da muka buga hoton nan na garken giwaye suna tsallaka kogi a fitowar da ta wuce saƙo bai daina shigowa ba, wasu na tambayar ina ne wajen, wasu na tambayar ko mutum zai iya zuwa da iyalinsa, wasu kuma damuwarsu ɗaya ce, wai giwa ba zata tattake mutum ba? Na tsinto waɗanda aka fi maimaitawa, wanda bai ga tasa ba yayi haƙuri ya duba da kyau, wataƙila amsarsa tana cikin ta wani.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ni tun ina yaro nake da burin inga giwa a daji da garkenta, ba a gidan zu ba kuma ba a talabijin ba. Yanzu Allah ya hore min ɗan abin tafiya, ina ne yafi kuma wane wata ya kamata inje? Daga wani matashi ma'aikaci.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya cika maka burinka. Abu na farko da zaka riƙe shine giwa bata nisa da ruwa. Babba guda ɗaya tana shanye lita 100 zuwa 200 a yini, ga abinci da zai kai kilo 150 na ciyawa da ganye da ɓawon itace da saiwa, shi yasa kusan awa 16 take ɗauka tana ci. Toh da damina ruwa ko'ina ne, kowane rami ya cika, sai garke ya bazu cikin dawa ciyawa kuma ta yi tsawo, kana iya wuni a mota baka ga komai ba sai kashinsu da rassan da suka kakkarya. Amma da rani in ƙananan tafkuna suka ƙafe dole kowa ya gangaro inda ruwa ya rage, a nan ne zaka samu abinda kake nema. Sai dai ka lura ranin kudancin Afirka daga Mayu ne zuwa Oktoba, na gabashin Afirka kuma daga Yuni zuwa Oktoba sannan akwai wani gajere a Janairu da Fabrairu, kada ka yi lissafi da ranin Afirka ta Yamma ka je ka tarar ana tafka ruwa.

In yawa kake so, wato kaga giwaye har idonka ya gaji, to ka nufi Botswana, ita ce tafi kowace ƙasa a duniya yawan giwaye, kimanin 130,000. A gandun dajin Chobe daga garin Kasane ake shiga jirgin ruwa da la'asar, musamman daga Agusta zuwa Oktoba, kana zaune kan ruwa zaka ga ƙura ta taso daga cikin itatuwa sai ga su nan suna gangarowa, ƙanana har da ɗan gudu saboda ƙishi, iyali bayan iyali har ka daina ƙirgawa. Kuma suna iyo fa, in sun shiga wuri mai zurfi jikin duk ya nutse hancin kawai zaka gani a sama yana shaƙar iska, hancin nan da Bahaushe ke kira hannun giwa.

Amma ni in ka tambayi ra'ayina, mai zuwan farko Amboseli ta ƙasar Kenya ya kamata ya fara. Wajen fili ne fetal babu abinda zai tare maka gani, ga dutsen Kilimanjaro a bayansu in gajimare bai rufe shi ba, kuma ruwan da ke biyowa ta ƙarƙashin ƙasa daga dutsen shi ke riƙe fadamun wajen ko da fari. Da sassafe zaka gansu sun fito daga cikin itatuwa a jere sun nufi fadama, balbela na biye da ƙafafunsu tana tsintar farin da suka tayar, da yamma su juyo ta hanyar da suka bi. Tun 1972 wata Ba'amurkiya mai suna Cynthia Moss ta fara bibiyar giwayen wajen, har yau aikin bai tsaya ba, kowace giwa an santa da sunanta da zuriyarta, ta tsagar kunne da yanayin haure ake bambance su. Sun saba da mota sosai, shi yasa zaka samu damar kallon halinsu a natse ba wai ka hango ƙeyarsu suna shigewa daji ba.

Sauran wuraren kowanne da abinsa. Tarangire a Tanzaniya ga giwaye ga manyan kukoki da suka ɓare musu ɓawo. Tsavo a Kenya giwayenta jajaye ne saboda jar ƙasar da suke watsa wa jikinsu. Hwange a Zimbabwe babu wani babban kogi a cikinta, da famfo ake jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse ana cika musu tafkuna, sai ka zauna a rumfa kana kallo suna zuwa. A Mana Pools kuwa, ita ma a Zimbabwe bakin kogin Zambezi, akwai wasu toraye da suka koyi miƙewa a kan ƙafafun baya su kai hannu su tsinko rassan gawo da 'ya'yansa, abin sai wanda ya gani.

In kuma aljihu bai kai can ba, yankinmu ma ba a rasa ba. Yankari a jihar Bauchi tana da giwayen da ake ƙiyasta su 100 zuwa 150, daga Janairu zuwa Afrilu suka fi kusantar kogin Gaji, amma dajin yana da duhu kuma su masu kaffa-kaffa ne da mutane, sai ka bada kwanaki. Mole a arewacin Gana ana ma zuwa musu da ƙafa tare da ma'aikacin daji mai bindiga. Zakouma a Chadi labarinta na taɓa zuciya, daga giwaye kusan 4,000 a farkon shekarun 2000 maharba suka mayar da su wajen 450 zuwa 2010, tsoro yasa suka dunƙule wuri ɗaya har haihuwa ta kusa tsayawa, bayan an gyara tsaro suka koma haihuwa yanzu sun haura 600. Gandun W da Pendjari na yankin iyakar Nijar da Benin da Burkina Faso kam a bar su tukuna saboda matsalar tsaro a yankin.

Af, ita kalmar safari ɗin da zaka yi ta ji a bakin kamfanonin yawon buɗe ido, daga Suwahili take ma'anarta tafiya, asalinta Larabci, uwarsu ɗaya da safarar da muka sani.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Maigidana ne ya dage sai mun je irin wannan yawon harda yara, ni kuma wallahi tunda naga wani bidiyo da giwa ta kifar da mota bana iya bacci in na tuna. Motar ma ance a buɗe take. Dan Allah ka faɗa min gaskiya tsakaninka da Allah akwai haɗari ko babu? Daga wata uwar yara uku.

AMSA: Hajiya tsoronki yana kan hanya, ba zan ce miki babu haɗari ba. Toro babba yana kai tan 6, gudunsu yana kai kilomita 25 a awa kuma cikin ƙaya da ramuka ba mai tsere musu, masu iya magana ma sun ce giwa bata cizo, hannun nan ake tsoro. Amma ga abinda na gani kuma duk wanda ya daɗe a harkar zai faɗa miki, giwa bata tashi da safe da niyyar neman mutum, kusan duk lokacin da abu ya ɓaci zaki tarar an matse ta ne, ko an tare mata hanya, ko an shiga tsakaninta da ɗanta, ko ta yi gargaɗi an ƙi ji. Dubban motoci ke shiga waɗannan dazuzzuka kullum su fito lafiya lau, wanda aka samu matsala shi ke yawo a waya.

Bari in baki abinda ya faru a gabana. Wata safiya muna tafe sai direbanmu ya hango garke zai tsallaka hanya, tun da nisa ya tsaya ya gyara motar yadda in ta kama a fita zai fita ba sai yayi ribas ba, ya kashe inji yace kowa ya zauna kada wanda ya miƙe. Uwar garken ce a gaba, wata tsohuwa mai haure ɗaya a karye, ta zo daidai bakin hanya ta tsaya ta ɗaga hannu sama tana juya bakinsa wajenmu, shinshina mu take yi, don idonsu ba shi da ƙarfi sosai amma hancinsu yafi na kare. Duk na bayanta suka tsaya cak, har wani ɗan ƙarami da bai wuce ya shige ƙarƙashin cikin uwarsa ba. Ta yi kamar minti ɗaya a haka sannan ta sauke hannun, naji wani gurnani can ƙasa-ƙasa wanda a ƙirjina na fi jinsa fiye da kunne, sai kawai suka fara wucewa. Hajiya su goma sha huɗu suka wuce ta gaban motarmu, kusa har ina ganin gashin idon uwar da busasshen taɓon da ya tsattsage a fatarta, kuma abinda ya fi bani mamaki babu ƙarar taku ko kaɗan, saboda akwai wani kitse kamar matashi a tafin ƙafarsu, numfashinsu kawai kake ji da karkaɗa kunne. Ana cikin haka sai ga wata mota ta taho da gudu daga ɗaya ɓangaren, mai ita yana son hoto, ya kutso har ya raba wata matashiya da sauran. Nan take tsohuwar nan ta juyo, ta baza kunnuwa ta ɗaga kai ta girgiza shi har ƙura na tashi daga kunnuwan ta saki ƙara, giwar da yanzun nan ta wuce mu kamar bamu nan. Allah ya taimaka ya ja da baya, ta tsaya tana kallonsa har yarinyar ta tsallako sannan ta bi bayansu. Giwa ɗaya, safiya ɗaya, bambancin kawai direba ne.

Saboda haka babban abinda zaku kashe wa kuɗi da bincike shine ɗan jagora mai lasisi wanda ya san aikinsa, kuma kada maigida ya matsa masa da a ƙara matsawa kusa, wannan maganar ita ke jawo yawancin fitina. In kinga giwa tana ci tana kaɗa wutsiya a hankali tana fifita da kunnuwa, hankalinta kwance yake, fifitar nan sanyaya jini take yi don jijiyoyi ne fal a bayan kunnen. In ta daina ci ta zuba muku ido, wutsiya ta sandare, tana lilo da ƙafar gaba ɗaya, to ta fara tunanin ku. In ta baza kunnuwa ta ɗaga kai tana watsa ƙasa tana ƙara har ta ɗan taho ta tsaya, gargaɗi ne, cewa take ku bani wuri. Wadda ta yi niyya da gaske yawanci bata surutu, kai take sunkuyarwa ta naɗe hannun ciki ta taho gadan-gadan. Amma ba aikinki bane tsayawa tantance wanne ne wanne, gargaɗi yana iya rikiɗewa cikin ƙiftawar ido, tun a alamar farko ake bata hanya.

Wanda aka fi kiyaya shine toro in yana cikin lokacinsa na neman mata, lokacin sinadarin mazantaka yana ninkuwa a jininsa. Zaki gane shi, wani ruwa mai maiƙo yana zubowa daga wata 'yar ƙofa tsakanin idonsa da kunnensa, fitsari na ɗiga ya jiƙa masa ƙafafun baya, ga wari, yana tafe kai a sama da izza. Irin wannan ko direban da ya shekara talatin a daji kauce masa yake yi.

Game da yara, ki tambayi masaukin tun kafin ku biya don da yawansu suna da ƙa'idar shekaru, musamman yawon ƙafa ba a zuwa da ƙanana. In akwai mai ƙiriniya a cikinsu ku ɗauki mota mai rufi wadda samanta kawai ake ɗagawa. Ba ihu, ba fitar da hannu, ba jefa abinci, ba sauka sai inda aka ce a sauka. In masaukin ba shi da shinge kada a fita da dare sai da ɗan rakiya, kuma kada ki bar lemo ko wani kayan marmari a cikin tanti, suna jin ƙamshinsa daga nesa.

TAMBAYA: Malam wai da gaske ne mace ce ke jan garken giwaye? To ina toron yake, ba shine babba ba? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Gaskiya ne ɗana. Garken da kake gani gida ɗaya ne na mata, kaka da 'ya'yanta mata da jikoki, yawanci mafi tsufa ita ke cewa a tashi ko a tsaya ko a gudu. Namiji in ya kai shekara 12 zuwa 15 yake barin gidan, ya koma yawo shi kaɗai ko cikin ƙungiyar maza, sai lokacin barbara yake leƙowa. Ciki wata 22 ne, a haifi jariri mai kilo wajen 100, kuma ba uwarsa kaɗai ke rainonsa ba, 'yan matan garken har rububin kula da shi suke yi, a nan suke koyon raino kafin nasu ya zo.

Kuma shugabancin nan ba na ado bane, ilimi ne a kanta. A farin da aka yi a Tarangire a 1993 masu bincike sun lura iyalan da ke da tsofaffin uwaye, waɗanda suka rayu a babban farin 1958 zuwa 1961, sun fice daga gandun sun nemi ruwa da abinci a wani waje kuma 'ya'yansu sun fi tsira, wanda uwarsu ke da ƙuruciya suka zauna suka yi asarar 'ya'ya da yawa. Ka ga ke nan in maharbi ya kashe tsohuwa saboda haurenta yafi girma, ba giwa ɗaya ya kashe ba, ya tafi da sanin hanyoyin ruwa na shekara hamsin.

Su ma tsofaffin torayen da amfaninsu. A gandun Pilanesberg na Afirka ta Kudu an taɓa kai marayun giwaye suka tashi babu manya, a shekarun 1990 samarin cikinsu suka fara shiga zafin neman mata tun basu isa ba har suka kashe karkanda sama da 40. A 1998 aka kawo manyan toraye shida daga gandun Kruger na ƙasar aka sake su a ciki, samarin nan suka natsu kashe-kashen ya tsaya.

TAMBAYA: Malam ni dattijo ne, jikana ke karanta min shafinka. Ina jin ana cewa giwa tana zaman makoki kuma wai suna kiran junansu da suna. Wannan ba ƙarin gishirin Turawa bane kuwa?

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma da lafiya, ya yi wa jikan nan albarka. Akwai ƙarin gishiri a labaran giwa, misali maganar wai suna da maƙabarta da suke zuwa su mutu, wannan ba haka bane. Giwa tana yin zubi shida na turamen haƙori a rayuwarta, in na ƙarshe ya cinye wajen shekara 60 da wani abu sai ta koma bakin fadama inda ciyawa ke da laushi, a nan ajali ke samun da yawansu, shi yasa ake tarar da ƙasusuwa a irin wuraren.

Amma maganar kula da mamaci an gani ba sau ɗaya ba. In suka tarar da gawar giwa ko ƙasusuwanta sai su yi tsit su kewaye, suna shafa ƙoƙon kai da haure da bakin hannu, wani lokaci da tafin ƙafar baya a hankali, uwa kuma tana iya kwana da kwanaki a tsaye kan gawar ɗanta. A Amboseli an gwada su, aka ajiye musu ƙoƙon kan giwa da na ɓauna da na karkanda, na giwar suka fi tsayawa a kai.

Maganar kira kuma, yawancin zancensu mu bama ji Baba, don muryar tana yin ƙasa fiye da abinda kunnen ɗan Adam ke kamawa kuma tana tafiyar kilomitoci, har ta cikin ƙasa suna jin girgizarta da ƙafafunsu. Shi yasa zaka ga garke yana ci sai duk su tsaya lokaci guda kamar an buga musu tsawa alhali kai baka ji komai ba, saƙo ne ya iso. A 2024 aka fitar da wani bincike da aka yi a Samburu da Amboseli na Kenya, aka naɗi kiraye-kirayensu aka sake kunna musu, sai aka ga giwa tafi saurin amsawa da tahowa in kiran da aka kunna asali ita aka yi wa shi, wannan ne ya sa masanan suka ce akwai wani abu mai kama da suna a ciki. Kafin nan a 2014 an gano giwayen Amboseli suna bambance muryar namijin ƙabilar Masai, waɗanda suke yawan karo da su a wajen kiwo da ruwa, da muryar namijin ƙabilar Kamba manomi, in suka ji ta farko sai su dunƙule su sa 'ya'ya a tsakiya, muryar mace ko yaro kuwa bata tayar musu da hankali haka. Ikon Allah ke nan.

TAMBAYA: Yallabai tambaya biyu gareni. Na farko a wata tafiya da nayi wani ya tallata min carbi da awarwaro yace na hauren giwa ne, in na sake samu in saya? Na biyu kullum ana cewa giwaye zasu ƙare amma naji shugaban wata ƙasa yana kukan sun yi musu yawa, wanne zamu ɗauka? Daga wani ɗan kasuwa.

AMSA: Alhaji kada ka saya, ko kyauta aka baka kada ka karɓa. Tun 1989 yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun daji da tsirran da ke cikin haɗari, ta haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe, in aka kama ka da shi a filin jirgi, musamman a Kenya ko Tanzaniya, magana ce ta kotu da tara mai nauyi ko gidan yari, ba ruwansu da cewa baka sani ba. Bayan doka kuma, haure haƙori ne da saiwarsa ke can cikin ƙoƙon kai, maharbi baya samunsa sai ya kashe ta ya sare fuskar. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a ƙasashe 18 wadda aka fitar a 2016 ta samu giwayen fili 352,271, kuma ta nuna sun ragu da kashi 30 cikin ɗari tsakanin 2007 da 2014 kawai, galibi saboda haure. A Gorongosa ta Mozambik lokacin yaƙin basasa na 1977 zuwa 1992 an kashe kusan kashi 90 cikin ɗari na giwayen wajen ana sayar da haure ana sayen makamai, har ta kai matan da ake haifa babu haure, da basu kai ɗaya cikin biyar ba, suka zama kusan rabi, don su ne maharba ke ƙyalewa. Kenya ta cinna wa tan 12 na haure wuta a 1989 ta sake ƙona tan 105 a 2016 don duniya ta gane ba kayan sayarwa bane, Chaina ma ta rufe kasuwarta ta cikin gida a ƙarshen 2017.

Tambayarka ta biyu kuma duka maganganun gaskiya ne, rabon ne bai zo daidai ba. Yawancin giwayen fili suna tattare ne a kudancin Afirka, yankin da Botswana da Zimbabwe da Zambiya da Namibiya da Angola suka haɗa iyaka shi kaɗai an ƙirga kusan 228,000 a 2022, alhali a Afirka ta Yamma 'yan tsiraru ne a warwatse, giwar kurmi kuma ta tsakiyar Afirka, wadda a 2021 aka fara lissafa ta daban, ita ce tafi shiga haɗari. Wanda kaji shine Mokgweetsi Masisi lokacin yana shugaban Botswana, shi ya ɗage haramcin farautar giwa a 2019, a 2024 kuma yace zai aika wa Jamus giwaye 20,000 su zauna da su su ji yadda ake ji.

Kuma ni bana raina kukan manomi, wanda ya kwana uku a masauki mai kyau yana ɗaukar hoto ba ɗaya yake da wanda garke ya shiga gonarsa dare ɗaya ya cinye abincin shekara ba, wani ma ya rasa ransa garin kora. Duk mai son giwa ya rayu dole ya damu da mutumin nan. Akwai dabaru da ke taimakawa, a Kenya wata mai bincike Lucy King ta fito da shingen amya, ana rataya amyoyin zuma a jere da waya a kewaye gona, giwa na taɓa wayar ƙudan zuma su tashi, ita kuwa tana tsoron harbinsu a cikin hanci da gefen ido, ga gona ta tsira ga zuma ta sayarwa. In zaka je kallo ka nemi masaukin da mutanen yankin ke da kaso a ciki ko su ne ma'aikatansa, irin gandayen al'umma da ke Kenya da Namibiya, kuɗinka ya shiga hannun wanda ke kwana da giwar.

TAMBAYA: Yaya ni wayata kawai gareni bani da babbar kyamara, zata wadatar? Kuma kwana nawa ya kamata inyi? Daga wata ƙanwarka.

AMSA: Zata wadatar ƙanwata, giwa ba tsuntsu bace, a wuri irin Amboseli ko Chobe har sai ta cika miki fuskar waya. Ki kashe hasken kyamara da ƙarar waya, in da hali ki ari madubin hangen nesa, ki sa kaya masu launin ƙasa, ki riƙe rigar sanyi don asubahin daji akwai sanyi a buɗaɗɗiyar mota, ki ga likita kan maganin zazzaɓin cizon sauro, katin rigakafin shawara kuma ya kasance a jakarki don ƙasashe da dama suna tambaya. Kwana uku a gandu ɗaya yafi kwana ɗai-ɗai a gandu uku. Fita biyu ake yi, da sassafe wajen ƙarfe 6 sai kuma bayan la'asar, tsakar rana suna inuwa.

Abinda zan roƙe ki shine ko sau ɗaya ki ce wa direba ya samu iyali ɗaya ya tsaya nesa kaɗan ya kashe mota ku yi awa guda a wajen, maimakon a yi ta tsere daga wannan dabba zuwa waccan. Ki ajiye wayar ki sa ido a kan mafi ƙanƙanta. Jaririn giwa sai ya yi watanni kafin ya iya sarrafa hannunsa, zaki ga yana wujijjiga shi yana taka shi da ƙafa, wani lokaci ya tura shi a baki yana tsotsa kamar yadda jariri ke tsotsar yatsa, in an zo shan ruwa manya na zuƙa da hannu suna zubawa a baki shi kuwa sai ya durƙusa ya kafa baki a ruwan. Nono ma da baki yake sha, a tsakanin ƙafafun gaban uwar yake, sai ya jefa hannun baya kan goshinsa ya kama. In ya zame a taɓon bakin tafki ya saki 'yar ƙara ki ƙirga manya nawa zasu juyo kansa a lokaci ɗaya, wata ta sa haure a hankali ta ƙarƙashinsa wata ta tallafo shi da ƙafa ta baya har ya hau tudu.